Ranar da taya ta fashe a Ƙofar Nasarawa

Ban san na iya tsalle haka ba sai ranar Talatar da ta wuce. Ina tsaye bakin titi wajen Ƙofar Nasarawa a Kano bayan La'asar, ina jiran adaidaita sahu, iyafis a kunne, ido a kan waya. Sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙeyata. Kafin bakina ya kama salati, waya ta tafi ƙasa, kafaɗuna sun haɗe da kunnuwa, ni kuma ga ni a tsakiyar kwalta. Tsakiyar kwalta fa! Ba don mai babur ɗin da ke tafe ya iya birki ba, da yanzu ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidanmu.

Ashe tayar wata tifa ce ta fashe.

Mai shayin da ke gefena shi ne ya tsaya mini a rai. Shi ma ya zabura, na ga shayi ya fantsalo daga kofi, amma ƙafarsa ko gusawa ba ta yi ba. Da na dawo ina haki ya ce, "Malam, ai tun daga nesa nake kallon tayar nan, ta yi ƙulu a gefe, ga lodin yashi. Na san ba za ta kai ba."

Razana ba ragwantaka ba ce. Ƙara mai ƙarfi tana bi ta jijiyar kunne zuwa gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, daga nan umarni ke fita zuwa tsoka tun ɓangaren tunani bai sami labari ba. Ido kan ƙifta cikin ƙasa da kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa. Faɗuwar gaba da rawar jikin da ke biyo baya kuma aikin sinadarin adirenalin ne, wanda ke fitowa daga wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda. Da razana aka haife mu. 'Yata mai wata 2, da ƙofa ta bugu sai ta ware hannuwa kamar za ta faɗo daga sama. Wani likitan yara, Ernst Moro, ya bayyana wannan a 1918, kuma wannan motsin yakan ɓace idan jariri ya kai wajen wata 6. Kakarta dai tofi take yi mata, ni ma ban hana ba.

Ni da mai shayi jiki ɗaya aka ba mu. Shi ƙarar ta same shi ya san inda tifa take, ya san inda kwalta take. Ni ta same ni ina cikin WhatsApp, sai ƙafa ta zaɓar mini hanya.

Yanzu kunne ɗaya nake sa wa iyafis, waya kuma tana aljihu har sai na shiga adaidaita, dama ga masu ƙwace. Gilashinta har yau a tsage yake, ban sami zuwa kasuwar waya ta Farm Centre ba.