Sashen Hajiya a bayan gidanmu na Kubwa

Lokacin da na gina gidan da muke zaune a ciki a Kubwa, na bar wani yanki a bayan fili ban taɓa shi ba, da niyyar duk ranar da Allah Ya hore in yi ɗakuna biyu in zuba 'yan haya. Kusan kowane mai gida a Abuja da irin wannan lissafin yake kwana, domin tun da aka dawo da mazaunin gwamnatin tarayya daga Legas a watan Disamba na 1991 jama'a ba su daina kwararowa ba, kuma ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ba zai kama masa gida a Wuse ko Garki ba, abin da yake nema shi ne ɗan sashen nan na bayan gida da ake kira boyis kwata. Sunan kansa gadon Turawan mulkin mallaka ne, waɗanda suka saba gina wa kuku da boyi ɗakuna a ƙuryar fili, inda baƙo ba zai gan su ba. Da wannan fasalin a kaina na fara tunanin ginin, wato ɗakuna a jere, ƙofofinsu suna kallon katanga, banɗaki a ƙarshe.

Rasuwar mahaifinmu ce ta sauya lissafin. Bayan Hajiya ta fita takaba, muka zauna da ƙannena a Zariya muka amince ta dawo wurina, tunda ni ne babba. Ta yarda bayan doguwar lallaɓa, amma da sharaɗi ɗaya, cewa ba za ta zauna a cikin babban gida ba. Tsakaninta da uwargidana sai alheri, sai dai matar da ta shekara arba'in tana riƙe da nata tsakar gida ba za ta iya komawa jiran a kira ta cin abinci a teburi ba. Daga ranar na daina cewa boyis kwata, na koma cewa sashen Hajiya.

Abu na farko shi ne takarda. Wani abokin aikina ya ce da ni ai bayan gida ne, wa zai leƙo, in kira magini kawai a fara. Ban ɗauki shawararsa ba, saboda ina garin nan tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, kuma na ga yadda jan fentin alamar rushe gini a jikin katanga yake zama katafila a bakin ƙofa. A wannan birni ƙasa tana hannun gwamnatin tarayya, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne bisa sharuɗɗa, kuma ƙarin gini a kan fili yana buƙatar amincewar sashen kula da tsarin gine-gine kamar yadda babban gidan ya buƙata. Bayanan filin suna AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, zanen kuma sai wanda ƙwararre mai rajista ya sa wa hannu. Mai zanen da na ɗauka ya zo da awonsa, ya cire tazarar da dole a bari tsakanin gini da katanga, ya cire wurin da ba za a rufe da gini ba, sai ga shi abin da ya rage bai wuce ɗaki ɗaya da falo da ɗan madafi da banɗaki ba. Na ji haushi a ranar, amma yanzu da nake ganin yadda iska take ratsawa ta wannan tazarar a watan Maris, lokacin da zafin Abuja yake hana barci, na gode masa.

Da aka gama zanen farko na ɗauka zuwa Zariya ina alfahari. Hajiya ta juya takardar sama da ƙasa, ta miƙo mini, ta ce in zana mata a ƙasa. Na ɗauki tsinke na zana a tsakar gida, ina cewa, "Hajiya, kun ga nan ne ɗakin kwananku, nan kuma falo." Ba ta ambaci sunana ba, domin ni ɗan fari ne kuma har yau ba ta faɗarsa. Ta nuna da yatsan ƙafarta ta ce, "Kai, wannan ƙofar ina take kallo?" Na ce katanga. Ta ce to idan ta zauna a bakin ƙofa, katangar ce za ta gaishe ta, ko kuwa jikokinta? Ta tambayi inda masai ya fuskanta, na rasa amsa, sai daga baya na duba na tarar mai zama a kansa zai ba alƙibla gaba sosai. Ta tambayi inda za ta ajiye turmi, da inda za ta shimfiɗa tabarma idan mata sun zo gaisuwa, da ko mai zuwa wurinta sai ya ratsa falon surukarta. Tambayoyi biyar ta yi, kuma babu ɗaya da ni ko mai zane muka taɓa yi wa kanmu, domin mu duka biyun ɗan haya muke gina wa a zuci, wanda zai fita da asuba ya dawo bayan isha'i.

Aka sake zane. Ƙofa ta juyo tana kallon bayan madafin babban gida, aka bar fili a tsakani wanda ya zama ƙaramin tsakar gida, aka ƙara baranda mai faɗin da zai ɗauki tabarma biyu, aka juya masai, aka kuma fitar da siririyar hanya ta gefen gida yadda baƙonta zai iso daga babbar ƙofa kai tsaye. Na roƙi a rage matakala saboda ciwon gwiwar da take fama da shi, kuma a nan ne na jawo wa kaina matsalar da zan faɗa nan gaba.

Aikin ya faɗo a mummunan lokaci. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin dakon komai ya tashi, sannan a farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Rodi da katako da kwanon rufi daga kasuwar Dei-Dei na riƙa sayowa da kaina ranar Asabar, tsakuwa kuma tifa ce ta kawo daga wajen masu fasa dutse na Mpape. Bulo ne kaɗai na ƙi yi wa rowa. Magini ya nuna mini yadda ake gwada shi, ya ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ya sake shi a ƙasa, na wurin farko ya watse kamar ƙuli-ƙuli, na wuri na biyu ya tsaya sai ɗan gefe da ya ɓantare. Muka ɗauki mai inci 9 don bangon waje, mai inci 6 don rabon ɗakuna.

Ranar da za a zuba daɓen simintin da magina suke kira jaman fulo, magini ya ce, "Alhaji, a ƙara layin bulo ɗaya kafin a zuba, bayan nan ya fi gaban gida gangare." Na tuna gwiwar Hajiya da kuma kuɗin ƙasar ciko, na ce a bar shi haka. Watan Janairu ne, ƙasa a bushe, babu abin da yake nuna hanyar ruwa. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi a watan Afrilu, duk abin da rufin babban gida ya zubar ya gangaro baya, ya haye baranda, ya shiga falo har ya kusa rufe idon sawu. Na tsaya a ciki da tocila ina kallon buhunan siminti uku da suka jiƙe suka zama dutse. Dole aka fasa daɓen tsakar gida, aka haƙa lambatu mai murfi ya zagaya ta gefe zuwa kwatar titi, aka sa makarin ruwa a bakin kwanon babban gida, aka kuma ɗaga bakin barandar da gangara mai sauƙin hawa a madadin matakala. Abin da na kashe a gyaran ya ninka kuɗin layin bulon sau da yawa, maginin kuwa, Allah Ya saka masa, bai taɓa tuna mini maganarsa ba.

Sauran aikin ya tafi lami lafiya. Sokawe na dabam aka haƙa mata, a kusurwar da ta fi nisa da rijiyar burtsatse, domin tsohon ramin an yi shi ne daidai mutanen babban gida. Wuta kuma daga mitarmu aka ja, tunda uwa ba a raba mata kuɗin lantarki, amma na sa mai wayarin ya ware layin da akwatinsa yadda idan wata rana aka buƙaci mita ta biyu ba sai an fasa bango ba.

Hajiya ta tare bayan babbar sallah. Murhun gas ɗin da na sa mata a madafi har yau da ledarsa, domin a baranda take girki da kurfoti da gawayi, turminta yana jingine a inda ta nuna da ƙafa a zanen Zariya. Yara idan sun dawo daga Islamiyya can suke fara sauka, kuma matan unguwa sun gano siririyar hanyar gefen nan tun a makon farko. Makon jiya ta aiko ƙaramar 'yata ta gaya mini cewa a samo mata dashen zogale da lalle, akwai wurin da ta gani a gindin katanga.