Sandar ƙarfe da takardar alƙalai

Ina shekara 19 na fara riƙe sandar nan ta wasan juya sanda, wanda ake kira baton twirling da Turanci, a jihar Ohio ta Amurka inda na je karatu. Waɗanda muke atisaye tare, wasunsu tun suna shekara biyar suka fara. Kafin nan, iyakar sanina da juya sanda shi ne yaron nan da ke gaban 'yan badujala ranar faretin 27 ga Mayu a Kano, yana cilla doguwar sandarsa sama muna ta shewa. Ashe tushen ɗaya ne. Daga gaban badujala wasan ya taso, kafin ya shiga ɗakin wasanni a sa masa alƙalai.

Sandar ta ƙarfe ce, siririya, da roba a bakunanta biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma. Da tsawon hannun mai ita ake auna ta. Ba ta da wani nauyi, amma ranar da ta sauko tana juyi ta same ki a farce, za ki san ƙarfe ce. Wata biyu cur malamarmu ta tsare ni a kan abu guda: in mirgina ta bisa babban yatsa, in sake ta ta tashi, in cafe ta a tsakiya. Sau ɗari da dama, sau ɗari da hagu.

Aikin kashi uku ne: cillawa sama, juyawa a yatsu kusa da jiki, da mirgina sandar a gwiwar hannu da kafaɗa da wuya ba tare da an riƙe ta ba. Na ukun nan ne ya fi ba ni wuya, kuma dalilin sutura ce. Ni da riga mai dogon hannu nake yi, da wando, da ɗankwali mai kama kai. Abokaina fatarsu ke ɗan riƙe sandar, ni kuwa tana hawa yadi mai santsi sai ta zame. Sai da na gwada yadi kala huɗu kafin na dace da na auduga mai kama jiki, na kuma koyi rage sauri a wuya. Ban rage suturata ba, ban kuma bar mirginawar ba.

A gasata ta farko sau uku sandar ta faɗi. Da aka miƙo mini takardar alƙalai na ga an cire maki a kowace faɗuwa, wannan na san da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauran rubutun: gwiwata ta lanƙwashe a juyi, ƙafata ba ta miƙe ba, cillawata ta karkata gaba. Daga ranar na gane cewa tun wurin saki ake kuskuren cafewa. In kin cilla ta a miƙe, ki juya sau biyu a ƙarƙashinta kina ƙirge a zuci, za ta same ki inda kika tsaya. In ta karkata, ko idonki na kanta sai kin bi ta da gudu.

Da Baba ya ji labari, ta waya ya ce, “Uwata, karatu na tura ki ko rawa?” Ban ga laifinsa ba. Ko a Amurka mutane da yawa kayan ƙyalƙyali suke gani, su ɗauka ado ne na hutun rabin lokaci a filin ƙwallo. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri ka kalli abin da zan turo maka.” Bidiyon wani ɗan Japan na tura masa, domin 'yan Japan ne suka daɗe suna kwashe zinare, maza da mata.

Tun 1977 aka kafa hukumar wasan ta duniya, WBTF, ta yi gasarta ta farko a Seattle a 1980. A ganina abin da ya ja wasan baya shi ne rabuwar kai: manyan hukumomi biyu, kowace da dokokinta da zakarunta, to wa za a saurara? Daga baya suka haɗu a inuwar hukuma ɗaya, IBTF, aka yi gasar duniya a Liverpool a 2023. Har yau wasan bai shiga Olamfik ba, abin kuma yana yi mini ciwo. Wasan motsa jiki da kiɗa, wanda ake cilla ƙwallo da zobe a cafe, yana ciki tun 1984. A Faris a 2024 har rawar birekin, wato breakdance, aka ba lambar zinare. Wadda ke juya sanduna uku a lokaci guda, da me suka fi ta?

Bara na yi wasana daga farko har ƙarshe sandar ba ta taɓa ƙasa ba, na zo ta huɗu a rukunina. Da daddare na kira gida. Muna gama gaisawa Baba ya ce, “To Uwata, sau nawa ta faɗi?”