Alwatikar da ake auna sararin samaniya da ita

Ko sararin samaniya na da iyaka, madubin hangen nesa ba zai faɗa maka ba. Haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, kuma shekara biliyan 13.8 kacal ya yi yana tafe. Da yake sararin yana ta buɗewa, wuraren da haske mafi tsufa ya baro sun yi mana nisan da haske zai ci shekara biliyan 46 kafin ya kai. Nan ganinmu ya tsaya, ba wai bango aka gina a wurin ba.

Shi ya sa masana suka koma ga alwatika. Zana ta a kan tabarma, kusurwoyinta uku su ba ka digiri 180. A bayan ƙwarya sai su haura, a kan sirdi kuma su gaza. In sararin ƙirar ƙwarya ne, to rufaffe ne, girmansa na da adadi ko da ba shi da baki.

Ina za a samu alwatika mai girma haka? Hasken da ya kuɓuce shekara 380,000 bayan farawar sararin yana ɗauke da tabo-tabon zafi da sanyi, kuma ainihin faɗinsu ana lissafa shi daga tafiyar da sauti ya iya yi a wannan ɗan lokacin. Tabon ne gindin alwatikar, mu ne tsininta. A shimfiɗaɗɗen sarari, tabon zai bayyana da faɗin kusan digiri 1, ninki biyu na cikakken wata. Haka balan-balan ɗin BOOMERanG, mai ɗauke da madubin hangen nesa, ya gani a Antatika a 1998. Tauraron ɗan Adam na Planck da aka harba a 2009, haɗe da wasu awon, ya matse kuskuren awon shimfiɗar zuwa kusan kashi 0.2 cikin 100.

Sai dai 0.2 ba sifili ba ne. Tururuwa a bayan ƙatuwar ƙwarya za ta rantse fili take takawa.

Matsala ta biyu ta fi ɗaure kai. Naɗe tabarmar nan, baki ya haɗu da baki: alwatikarka na nan da digiri 180, amma mai tafiya a kanta zai dawo inda ya taso. In sarari naɗaɗɗe ne haka, ya kamata a ga da'ira biyu masu tabo iri ɗaya a ɓangarori daban na sama. An tace taswirar WMAP, wani tauraron ɗan Adam mai auna wannan hasken, da ta Planck, ba a same su ba. In ma akwai naɗin, ya kusa kai faɗin abin da muke iya gani ko ya zarce shi.