Wurin ninkayar da na gina ya kusa haɗa ni da maƙwabcina

Har yau idan na fita bayan gida na ga ɓangaren katangar da aka sake yi wa filasta, launinsa ya sha bamban da sauran, sai raina ya sosu. Ba kuɗin ba ne kaɗai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wata huɗu cur ruwa yana gudu ƙarƙashin ƙasa zuwa gidan mutumin da muke salla sahu ɗaya, ni kuwa ina zaune ina cewa zafin Kano ne yake shanye shi.

A farkon 2022 ne wasu 'yan kuɗi suka shigo hannuna bayan na sayar da wani fili. Abu biyu ne a raina. Wani abokina yana da ƙaramin jirgin ruwa na faiba da yake ajiyewa a dam ɗin Tiga, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, ya ce zai sayar mini. Na sha bin sa can ranar Asabar. Wanda bai taɓa kashe inji a tsakiyar dam ɗin nan da hantsi ba, ya ji shiru ya sauka, ba zai gane abin da ya ja ni ba. Ruwa ne iya ganinka, aikin zamanin Gwamna Audu Bako tun farkon shekarun 1970, ga masunta can nesa cikin kwale-kwale. Ɗaya abin kuma shi ne in haƙa wurin ninkaya a filin da ke bayan gidana, inda ba komai sai bishiyar darbejiya da tarin bulo.

Na yi lissafi, kuma a ganina na yi shi da kyau. Jirgin ya fi araha wajen saye. Amma Tiga tafiyar kusan kilomita 70 ce daga gari, ga man mota zuwa da dawowa, ga injin da idan ka sake masa wuta yana shan lita 15 zuwa 20 a awa guda, ga mai gadin da zai kula da shi, ga rajista, ga rigunan kariya na kowa da kowa. Na tambayi abokin nawa sau nawa ya shiga jirgin a shekarar da ta wuce. Ya ƙirga da yatsu, bai cika hannu biyu ba. Daga nan jikina ya fara sanyi.

Uwargida ce ta ƙarasa zancen. Lokacin ba a fi wata uku da hatsarin Bagwai ba, wanda ya faru a ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya, aka rasa rayuka sama da 20, yawancinsu yara. Ta ce, "Alhaji, ka sayi abin da kake so da kuɗinka, amma 'ya'yana ba za su taka jirgi ba." Ban ja ba. Jirgin da iyalina ba za su shiga ba, me zan yi da shi?

Sai aka koma kan rami: tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi a tsakaice mita ɗaya da rabi. Wajen lita 48,000 ke nan.

A nan na tafka kuskuren. Wani kamfani da aikinsa ke nan ya kawo mini farashi, na ga ya yi yawa. Birkilan da ya gina mini gida, mutumin kirki da na sani shekara da shekaru, ya ce, "Yallaɓai, ai tankin ƙasa ne babba. Na yi su ba adadi. Rabin wannan kuɗin ya isa." Na ji daɗin maganar saboda ita nake son ji. Ya zuba daɓen ƙasa da kankare, bayan kwanaki ya ɗora bango da bulo mai inci tara ya cika ramukan da siminti, ya yi filasta, aka manna tayil shuɗi. Da aka cika shi da ruwa, wallahi ya yi kyau. Yara suka kwana suna tsalle.

Abin da ban sani ba a lokacin, ruwa tan 48 ba ya wasa da gaɓa. Masu aikin na gaskiya suna ɗaure rodin bango da na ƙasa wuri guda, su zuba kankare yadda ba za a bar tsaga ba, inda kuma dole a dakata sai su sa wata roba a mahaɗar da za ta tare ruwa, su shafe ko'ina da maganin hana ratsawa kafin tayil ya hau. Sannan su cika ramin su bar shi kwanaki suna aunawa, tun kafin a yi masa ado. Ko ɗaya ba a yi mini ba. Tayil kwalliya ce kawai, ba ya riƙe ruwa. Wannan magana na biya ta da tsada kafin na ji ta.

An gama aiki ana shiga bazara. Kullum da safe sai in ga ruwa ya ja baya, in kunna injin rijiyar burtsatse in cike. Kowa na tambaya sai ya ce rana ce, ai Kano ce, a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Kuma akwai gaskiya a ciki, shi ya sa na yarda: a irin wannan yanayi, fili mai faɗin nawa yana iya rasa kusan lita 250 a rana ta tururi kawai, wato jarka goma, kusan kurar ɗan garuwa guda. Da yake ruwan daga rijiyata yake fitowa, ba na biyan kowa, ban taɓa zama na auna nawa nake ƙarawa ba. Da tanka nake saye, da tun makon farko aljihuna ya faɗa mini.

Ranar da maƙwabcina ya yi sallama bayan la'asar ba zan manta da ita ba. Dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Ya ce, "Alhaji, don Allah in ba damuwa zo ka ga wani abu." Ya kai ni ɗakin da ke jingine da katangarmu, inda mahaifiyarsa take kwana. Fenti ya kumbura ya ɓare tun daga ƙasa har gwiwa, farin gishiri ya fito a jikin bango, ƙasan ledar ɗakin sharkaf, ga warin danshi. Damina ba ta kankama ba balle a ce ruwan sama ne. Ya ce sun yi wata biyu suna neman fayif ɗin da ya fashe a gidansu, har sun fasa banɗaki. Bai ɗaga murya ba, bai ce ni ne ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A daren na kira kamfanin nan da na raina farashinsu. Injiniyansu bai ma zo ba da farko. Ya ce in samo bokiti, in cika shi da ruwan wurin, in ajiye a kan matakala ta biyu yadda ruwan ciki da na waje za su zo daidai, in yi alama a duka biyun, in kashe famfo in bar shi kwana ɗaya. Rana ɗaya ce take dukan su, don haka in tururi ne, tare za su sauka. Washegari na bokiti bai ragu da santimita ɗaya ba, na ramin ya sauka santimita 3. Na zauna a bakin wurin na buga lissafi: kusan lita 700 kullum tana shiga ƙasa. A wata huɗu, sama da lita 80,000. Gwajin da ba ya cin ko sisi, bokitin da ke banɗakina tun ranar farko.

Aka kwashe ruwa, aka ɓamɓare tayil gaba ɗaya. Tsagar tana nan inda bango ya haɗu da daɓe, da kuma kewayen bututun da suka ratsa bango. Aka sake zuba wani bangon kankare da rodi daga ciki, wurin ya ɗan tsuke. Na gyara ɗakin maƙwabcina, na biya kuɗin banɗakin da suka fasa a banza, duk da ya yi ta cewa in bari. Da na haɗa komai, abin da na kashe ya wuce farashin da kamfanin ya fara ba ni nesa ba kusa ba. Birkilan bai cuce ni da gangan ba. Abin da ya iya ya yi. Ni ne na ɗauki aikin da ba nasa ba na ba shi don in rage kuɗi.

Sauran ɗawainiyar kuwa kowa zai gaya maka: famfon tacewa yana son awa shida zuwa takwas kullum, kulorin, maganin tsabtace ruwa, ba ya yankewa, in wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba ruwan ya koma kore da gansakuka, sauro ya samu gida. Da hunturu ba mai shiga saboda sanyi, amma ƙura tana sauka kamar ana zuba ta da kwano, dole famfo ya ci gaba da aiki. Wannan ne bambancinsa da jirgi da ban sa a lissafina ba. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, abokina ya janye jirginsa ya rufe da tamfol, daga baya ya sayar da injin ga wani mai jigila, ya mayar da wani abu. Ni ba ni da tamfol ɗin da zan rufe nawa in huta, ba kuma wanda zai sayi rami ya ɗauka ya tafi. Sai da na sa wa famfon sola sannan na numfasa. Dillalin gidaje ma ya faɗa mini gaskiya, cewa a unguwarmu masu saye da yawa za su fi son ɗaki biyu a wurin.

Duk da haka ban yi nadamar ƙin jirgin ba. Yarana huɗu duk sun iya ruwa yanzu, har ƙaramar, kuma a garin da kusan kowace damina sai ka ji kududdufi ya ci yaro, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Matan gidan suna shiga da yamma bayan na ƙara tsayin katanga, abin da ba za su taɓa yi a Tiga ko a otal ba. Na kewaye wurin da shingen ƙarfe mai ƙofa da kwaɗo, makullin yana aljihuna ko hannun uwargida, ba na uku. Wanda zai haƙa, ya sa wannan shingen cikin kuɗin gini tun farko, kada ya ce sai daga baya.

Amma in wani ya zo ya ce mini birkilansa ya iya, sai in kama hannunsa in kai shi bayan gida ya ga katangar. In ce masa ya nemi wanda ya yi irin aikin, ya je da ƙafarsa ya ga wanda ya shekara uku da ruwa a ciki, kuma kada ya yarda a manna tayil ko ɗaya sai an cika ramin an auna. Ni dai duk ranar Juma'a ta farkon wata ina ajiye bokitin a matakala ta biyu, in yi alama, ranar Asabar da safe in duba. Daga nan in leƙa gidan maƙwabcina mu gaisa, in saci kallon ƙasan bangon ɗakin Hajiya.