Darussan da zango na bakwai ya koya mana

Akwatin wasan kati na Pathfinder Adventure Card Game zai ci gaba da zama a Samaru, a hannun ƙannenmu masu zaman ranar Asabar, tare da katunan zango na bakwai da muka ƙirƙira muka buga da kanmu, ƙari a kan zango shida na asali. Duk wanda ya zauna a teburin nan ya san cewa bugun farko na katunan bai yi ba. Sau huɗu aka gwada karon farko, sau huɗu lokaci ya ƙare ba a kama mugu ba, wato babban abokin gaba na karon, jarumai biyu da aka yi renonsu tun daga zango na ɗaya suka mutu, mutum uku kuma suka daina zuwa. Na rubuta wannan ne domin wanda zai tsara zango na takwas ya san ainihin inda ɓarakar take.

Rise of the Runelords, kashin farko na Pathfinder Adventure Card Game da kamfanin Paizo ya fitar a 2013, zango shida ne kacal, kowane zango karo biyar, ban da karo uku na share fage. An gina ƙarin girman jarumai ne a kan wannan tsawon: ƙarin ƙwarewa, ƙarin iko, ƙarin kati, sai katin matsayi da ake zaɓa bayan zango na uku. Idan an kai ƙarshe, babu wani tsani da ya rage. Wanda ya ce zai ƙara bene a kai, dole ya fara duba ko harsashin zai ɗauka.

Kuskurenmu babba guda ɗaya ne: mun ɗauka wahala tana cikin lambar da ke jikin dodo, wato adadin da jifan dayis zai kai kafin a ci shi. Aka ce tunda jarumai sun yi ƙarfi, a ɗaga kowace lamba da goma ko fiye, har dodannin yau da kullum suka koma 33 zuwa 35. Ga lissafin da ya kamata a yi kafin a kai takarda wurin bugu. A ce mayaƙi ya kai ƙarshen wasa yana jefa dayis mai fuska 10 guda ɗaya, da mai fuska 8 guda biyu daga makaminsa, yana kuma ƙara 9. Mafi ƙarancin abin da zai samu 12 ne, mafi yawa 35, matsakaici kuwa 23 da rabi. Dodo mai lamba 35 ke nan ba zai faɗi ba sai sau ɗaya cikin jifa 640. Idan aka zuba masa katin albarka biyu, kowanne ya ƙara dayis mai fuska 10, matsakaicin ya koma 34 da rabi, wato rabi da rabi ne tsakanin ci da faɗuwa. Kati biyu masu daraja sun tafi, kuma har yanzu canki-canka ake yi.

To, ina katin albarkar nan ya kamata ya je? Nan ne gizo ke saƙar. Agogon wasan katin albarka 30 ne, ana buɗe ɗaya a farkon kowane juyi. Mutum shida suna fuskantar wurare takwas, kowane wuri kati goma, jimla 80, kowa kuma juyi biyar kawai yake da shi. Bincike, wato buɗe katin da ke saman tarin wuri, ɗaya ne kyauta a juyi. Sauran sai an jefar da katin albarka ko na aboki. Saboda haka duk albarkar da aka ƙona wajen faɗa, bincike ɗaya ne aka rasa. Da muka ɗaga lambobi, sai albarka ta ƙare a kan ƙananan dodanni, aka wayi gari a juyi na 30 da wurare huɗu ko biyar a buɗe, alhali sai an rufe wurare ne mugu ke rasa mafita. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne dokar gudun mugu. Idan an ci shi ya tsere, daga akwati ake ɗebo albarkar da za a cakuɗa shi da ita a raba wa wuraren da ke buɗe. Idan kuwa shi ya ci, daga agogo ake ɗebowa, adadin wuraren da ke buɗe a cire ɗaya. Faɗuwa ɗaya a gaban mugu alhali wurare shida na buɗe, juyi biyar ke nan sun salwanta nan take. Mugun da muka ba lamba 45 ya yi mana haka sau biyu a zama ɗaya.

Mutuwar jaruman nan biyu ma daga wannan lamba ta fito. Raunin da ake ji shi ne tazarar da ke tsakanin jifa da lambar dodo, kuma daga hannu ake zubar da shi. Wanda ya jefa 23 a gaban 35 ya sha rauni 12, hannunsa ya tafi gaba ɗaya in ba shi da sulke. Mai kati 20 da hannu biyar, sau huɗu za a share masa hannu ya mutu idan ba a warkar da shi ba, domin tarinsa shi ne ransa. Masu sihiri da hannunsu ya fi faɗi sun fi kowa saurin tafiya.

Ba wai ba a faɗa ba ne tun da wuri. An kawo wannan lissafi a rubuce, an nemi a yi gwaji uku da guntayen takarda kafin a kashe kuɗin bugu. Wanda ke jagorantar aikin ya ce shi ya fi kowa daɗewa a wasan, ba ya buƙatar lissafin 'yan aji, kuma yana so a gama kafin a tafi hutu. Da abin ya rushe, sai aka ce 'yan wasa ne ba su iya haɗa kai ba. Mutanen da suka gama zango shida tare ba tare da rasa jarumi ko ɗaya ba, ba su ne za a koya wa haɗin kai ba. Ku da za ku karɓa, kada ku yarda a buga kati ko ɗaya da ba a gwada ba, ko wane ne ya rubuta shi.

Gyaran da ya yi aiki a bugu na biyu shi ne dawo da lamba inda gwani zai ci galibin lokaci ba tare da taimako ba. Ga mayaƙin da na kwatanta, lamba 21 tana ba shi nasara kusan sau uku cikin huɗu, 22 kuma sau biyu cikin uku. A nan muka tsayar da dodanni na gama-gari, muka mayar da wahalar cikin rubutun katin. Wani dodon yana sa a mayar da kati ɗaya ƙarƙashin tari kafin a fara faɗa. Wani ba ya jin makami sai mai sihiri a jikinsa. Mugu kuma muka raba shi jifa biyu, 28 sannan 28, maimakon 45 guda, domin doka ta yarda wani jarumin da ke wuri ɗaya da kai ya ɗauki ɗaya daga ciki. Nan da nan mutane suka fara tunanin wa zai tsaya kusa da wa, wa zai je ya tare wuri don kada mugu ya samu mafita. Wasan ya dawo yadda muka san shi.

Tarko da shinge suna da tasu matsalar dabam. Yayin da jarumi ke girma, ɓangaren da ya ƙware a kai ne kaɗai ke hawa, sauran suna nan yadda aka fara. Mai sihirin da ƙarfinsa dayis mai fuska 6 ne a ranar farko, haka yake a zango na bakwai. Shingen da ke neman ƙarfi 14, ko an ba shi albarka biyu ya jefa dayis uku, sau 35 cikin 216 zai ci, kusan ɗaya cikin shida. Kowane shinge ya zama yana da ƙofa biyu ko uku: ƙarfi, ko dabara, ko hikima, kuma lambar kada ta wuce 12 zuwa 13 sai in ladan tsallake shi ya kai.

Batun ƙarin girma kuwa, ƙara 1 a kan wanda ya riga yana ƙara 9 ba ya sa kowa murna. Faɗaɗa hannu ba tare da ƙara kati a tari ba kuma, kusantar da jarumi ga kabari ne. Abin da ya fi armashi shi ne ikon da ake kashewa ya ƙare. Wrath of the Righteous na 2015 ya bi wannan hanya, inda jarumi ke kashe wasu alamomi ya musanya dayis ɗinsa da mai fuska 20. Mu tsaba uku muka ba kowa a farkon karo, da ƙwayar wake muke ƙirgawa, kowace tana ba da damar sake jifa ɗaya ko ƙarin bincike ɗaya. Mutum ya riƙe wakensa yana tunanin yanzu ne ko sai an ga mugu, wannan shi ne girman da ake ji a jiki.

A tace akwati. Ya zuwa zango na shida katunan sun haura dubu, sababbi 48 ɓacewa suke yi a ciki. Dokar wasan ta riga ta fara cire katunan farko daga zango na uku, matsakaita kuma daga na biyar, amma a hankali take yi. Mu kwashe duk dodanni da shingayen da ke ƙasa da zango na huɗu muka yi rana ɗaya, muka bar albarka yadda take.

Lada ya zama katin ganima mai suna, ɗaya a ƙarshen kowane karo, kada a bar shi ga sa'a.

Wajen bugu, girman kati milimita 63 a 88 ne, tara suna shiga takardar A4. Kada a yi laminatin, domin kaurin yana tona asirin katin tun yana cikin tari, kowa ya san sabo ne ke sama. A buga a takarda marar kauri, a yanka, a zura a leda mai duhun baya a gaban tsohon katin da aka cire daga wasa, sauran katunan ma duk a sa musu irin ledar. Gam ba ya jure hunturun Zariya, kafin Janairu ya fita katin ya lanƙwashe ya ɓare, da damina kuma ya yi laushi. Takardar lissafin dayis tana cikin murfin akwati, tare da sakamakon gwaji tara da aka yi wa bugu na biyu, da jerin katuna shida da har yanzu suke buƙatar a rage musu lamba.