Ni na jawo wa kaina, na ɗora wa na'ura laifi

Shekara biyu ina shan sertraline saboda ciwon damuwa, sauƙin bai taka kara ya karya ba, sai likitana ya ce mu gwada TMS. Na'ura ce da ake jingina maka a gefen goshi na hagu, tana aika bugun maganaɗisu cikin ƙwaƙwalwa. Babu allurar barci, idonka biyu kana zaune, sai ƙarar ƙwanƙwasa da ta sa ake toshe maka kunne. Amurka ta amince da ita tun 2008. Ranar farko sun yi ta gwaji a kaina har babban yatsana na dama ya motsa da kansa, ashe haka suke gane ƙarfin da ya dace da mutum.

Kwana biyar a mako, mako shida. Daga Agege a Legas nake fitowa bayan asuba, in haye gadar Third Mainland zuwa asibitin, in bar wa yarona rumfar albasa a kasuwar Mile 12. Cunkoson hanyar ya fi zaman na'urar wahala.

A mako na uku na fara cin abinci, har ina tsayawa hira bayan la'asar. Nan na tafka wautar. Na ce tunda na zuba wannan uban kuɗi a na'ura, me zan yi da ƙwaya? Na ajiye maganin, ban gaya wa kowa ba, har matata.

Kwana uku, sai jiri, sai rashin barci, sai wani abu kamar lantarki yana fizgar kaina duk lokacin da na juya ido. Na rantse na'urar ce ta ƙona mini ƙwaƙwalwa. Na ƙi zuwa mako guda cur. Da na koma da faɗana, likita ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da ƙwayarka?" Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanke irin wannan magani kwatsam shi ke kawo fizgar nan, ba maganaɗisu ba.

Na koma kan maganin, aka ƙara mini kwanakin da na tsallake, na sake bin gadar nan mako guda a banza. Na samu sauƙi, alhamdulillahi, amma har yau in na tuna makon nan raina ɓaci yake. Yanzu matata ce ke riƙe kwalin maganin, kullum da safe sai ta ƙirga.