Ranar da na yi wa kas walda da 6013

Har yanzu ƙarar nan tana kunnena wallahi. Na kashe injin walda ina goge zufa, aiki ya fito sumul, sai kawai na ji "tas!" daga jikin ƙarfen.

Wani dattijo mai injin niƙa ne ya kawo min injinsa, irin Lister ɗin nan, ya tsage a wurin da ruwan sanyaya injin yake bi, tsagar ba ta fi yatsa ba. Na san kas ne, wato ƙarfen zubi, na kuma san ilektirod (sandar walda) ɗin nikel ake sa masa, amma da na shiga kasuwar Kofar Ruwa na ji kuɗinsa sai na ce kai, ai ilektirod 6013 da nake haɗa ƙofofi da shi zai yi, na dawo na zuba masa wuta a jere ba hutu. Waldar kanta ba ta fashe ba, gefenta ne ya dare, tsagar yatsa ɗaya ta koma kusan taki guda. Na ɗauko diril zan huda ƙarshenta, bakin diril ya ƙone, wurin ya yi tauri kamar gilashi.

Da kunya na kai wa tsohon maigidana. Ya shafa wurin ya ce, "Kai yaro, wa ya ce maka kas ƙarfen ƙofa ne?" Kas yana da kabon wajen kashi 3 cikin 100, a cikinsa yake ɓarɓashi-ɓarɓashi irin baƙin nan na cikin fensir, shi ya sa yake jure danniya da jijjiga amma ba ya miƙuwa, in ka ja shi karyewa yake yi. Ƙarfen 6013 yana shan kabon ɗin nan ya ƙandare, in ya zo hucewa ya tsuke ya fizgi kas, kas kuma ba ya bi. Shi nikel ba ya ƙandarewa da kabon, laushinsa na nan, shi ne yake miƙuwa maimakon kas ɗin ya tsage. Akwai ilektirod mai nikel kashi 99, wannan diril da fayil suna cinsa lafiya, akwai mai kashi 55 da aka gauraya da ƙarfe, ya fi ƙarfi kuma ya fi araha, shi muka sa.

Sai da muka kankare duk abin da na zuba, muka huda ƙarshen tsagar biyu, muka ɗuma jikin. Walda kaɗan-kaɗan, santimita 2 zuwa 3, a tsaya a bubbuga da ƙaramar guduma tun da zafinta, sannan muka binne shi cikin toka ya kwana.

Abin da ya fi ƙona min rai, nikel ɗin da na guje wa saye sai da na sayi ninkinsa daga aljihuna, ga kwana huɗu da Baba ya yi ba niƙa, mata suna kai markaɗensu wata unguwa. Da ya zo ɗauka bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, da ka faɗa min kuɗin ai da na biya."